Kujerun Aro

Lahadi, 18 ga Mayu

Yau bayan sujada Fasto ya kira mu gaba, mu masu tafiya Honduras, aka ɗora mana hannu aka yi addu'a. Ankon bana ruwan lemo ne. Kendra ce ta zaɓa, matar sabon Faston, wai don kada wani ya ɓace a filin jirgi. Na hango kaina a gilashin ƙofa, sai ka ce kabewa ta yi ƙafafu. Tun ba a yaye yarinyar nan ba nake jan tafiyar nan daga Tennessee, kuma ko jaka ban taɓa ɓatarwa ba, balle mutum.

Royce Tillman zai bi mu bana, shi da matarsa Charlene. Shi ne mai sayar da motoci a bakin babbar hanya. Shi ya sayi bulo da siminti da kwanon gidan da za mu gina, kuma yana cikin dattawan da za su yanke ko ni zan ci gaba da jagora ko a miƙa wa Kendra. Ya damƙe hannuna har zobe ya shige mini nama, ya ce, "Nadine, ni fa so nake in ga inda kuɗina ke shiga da idona." Na ce za ka gani, ɗan'uwa.

Alhamis, 29 ga Mayu

Yini guda muna tsince kayan da jama'a suka kawo. Takalmi wari ɗaya. Rigar dusar ƙanƙara. Wata baiwar Allah har da rigar mama mai tsinkakken maɗauri. Duk na tura cikin buhu, can ba a zaɓe.

Da yamma Fasto Isidro, mai riƙe da cocin ƙauyen da muke zuwa, ya bugo waya. Kamar kullum ya ware iyali biyu, mu je mu gani, mu ɗaga hannu, wanda ya fi yawan hannuwa shi ke samun gidan. Na farko Lencho da matarsa Marbely da tarin 'ya'yansu. Na biyu Doña Eufemia da mijinta Don Casimiro, wanda ɓarin jikinsa ya shanye bara. Ya ce bangon ɗakinsu ya dare, gadon tsohon kuma a gindinsa yake don babu wani wurin sa shi. Ya ce da shi ke zaɓa, su zai ba.

To ba shi ke zaɓa ba.

Eufemia. Ban manta ba. Shekarun baya na ba ta wata rigata a gaban matan ƙauyen, mai ɗan tabo a ƙirji, abin da bai kai ya kawo ba. Washegari ta kawo mini ita a wanke, a goge, a ninke, ta ce, "Kin manta rigarki, 'yar'uwa." A gaban matan dai. Ba ta kuka, ba ta rungumar mutum, godiyarta kalma ɗaya ce kamar wadda aka miƙa wa gishiri a tebur. Ni kuwa ba na son talaka mai tsayayyen wuya, kuma ba zan yi wa takardata ƙarya ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Mun iso. Charlene ta yi amai sau biyu a hanyar dutse, tana sauka ta ce ta ji Ruhu yana motsi a wurin nan.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na riga kowa tashi na fita da kofina bakin dakalin coci. Sai ga kujerun roba suna hawa tudu a kan mutane. Wata da biyu, wani da ɗaya, mai shago da teburinsa a ka, ƙafafu sama. Matar Fasto Isidro ta wuce da labulen ɗakinta mai furanni a hammata. Duk gidan Eufemia suka nufa. Can na ji kaza ta yi kukan ƙarshe. Na san wannan abin tun tafiyata ta farko: baƙo zai shigo, to unguwa gaba ɗaya ce za ta tufatar da gidan, don kada ya ga tsiraicin mai gida. Na shanye kofina na koma ciki.

Bayan sujada muka fara da gidan Lencho. Can kam ba wanda ya ara musu komai, don Lencho ya yi faɗa da rabin ƙauyen. Yara tsirara cikin taɓo, alade a bakin murhu, ƙuda ko'ina. Marbely na ganin ankonmu ta fashe da kuka, ta kama hannun Royce ta manna a kumatunta. Charlene sai ɗaukar hoto take tana jan majina. Na ɗan daki bangon da tafin hannu ba wanda ya lura. Ƙazanta ce ta yi masa yawa, amma lafiyarsa ƙalau.

Sai gidan Eufemia. An share tsakar gida har ana ganin sawun tsintsiya. Tebur da farin ƙyalle, kujeru sun ishi kowa, miyar kaza, wake, wainar masara mai zafi. An ɗago Don Casimiro daga gado an zaunar da shi a kan kujera mai hannu, cikin farar riga, an taje masa kai da ruwa, an ɗora matacciyar hannun a cinya an rufe da hula. Labulen matar Fasto ya sauka daga rufi har ƙasa a bangon da ke bayan gado.

Eufemia ta tsaya cikin shuɗiyar rigarta tana zuba abinci, ita ba ta ci ba. Ta zuba wa Royce ƙirjin kazar. Ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "A yi haƙuri, tsohuwa ce, ta yi tauri." Tsohon ya yi ta ƙoƙarin yi mana maraba, bakin ya ƙi, sai ta goge masa gefen leɓe da yatsa ta ce, "Sun ji ka, maigida."

Royce ya ci, ya ƙara, ya jingina da kujera ya raɗa mini, "Nadine, wannan ai ta fi kakata jin daɗi."

Da la'asar muka zauna ɗaga hannu. Fasto Isidro ya miƙe ya yi bayani da harshensu, ya daɗe yana yi. Ya faɗi na kujerun, ya faɗi na labulen, ya ce kazar ita kaɗai ce ta rage mata kuma ƙwanta ake ba tsohon. Ya buɗe hannuwansa ya nuna faɗin tsagar. Ya ce ruwan Oktoba ba zai bar bangon nan a tsaye ba. Duk suka juyo suna kallona, don ni kaɗai ke jin harshen.

Na ce, "Ya ce dukansu mabukata ne, mu bi abin da Ubangiji ya sa a zuciyarmu."

Kendra ta ce, "Mama Nadine, duk wannan doguwar maganar?" Na ce haka suke, 'yata, sai sun zagaya duniya kafin su ce ina kwana. Aka yi dariya. Royce ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya zuba ruwa a cikakken bokiti, matar da ke da tebur da kujeru da labule da nama ba ita ya baro Amirka dominta ba. Hannuwa suka tashi wa Marbely, har da na Kendra. Ni ban ɗaga wa kowa ba. Shugaba ba ya ɗaukar ɓangare, tsarina ne tun asali.

Fasto Isidro ya ƙirga hannuwan da ido, sannan ya dube ni. Me zai ce, rufin cocinsa ma mu muka yi.

Litinin, 9 ga Yuni

An fara gini. Magina biyu na ƙauyen suna bin bayanmu suna gyara abin da muka jera. Royce ya ƙone kamar naman gashi amma ya ƙi sa hula.

Talata, 10 ga Yuni

Ta zo wurin ginin. Ban zaci za ta zo ba. Da tulun kofi a kafaɗa ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana zubawa, har Lencho. Charlene ta ce in tambaye ta abin da ta sa a miyar nan, tana so ta gwada a gida. Na tambaya. Eufemia ta lissafa mata komai tiryan-tiryan, tafarnuwa, ganye, gishiri, sannan ta ce, "Sai kuma kaza, in akwai." Wannan ban fassara ba.

Charlene ta ce, "Kai, ina son matar nan, tana da aji." Ta ciro kwalbar man shafawa da ta sha rabi ta ba ta. Eufemia ta karɓa da hannu biyu. Na jira in ga ko gobe za ta dawo da ita a ninke.

Laraba, 11 ga Yuni

Kendra ta same ni a bayan coci ina shanya tawul. Fuskarta ta yi fari fat. Wai ta bi ta gidan tsohuwar don ta kai wa Don Casimiro maganin ciwon baya, sai ta tarar da ɗaki wayam. Ba tebur, ba kujera ko ɗaya, ba labule. Tsohon a kwance kan gadon igiya, a saman kansa bango ya dare daga rufi har ƙasa, tana hango bishiyar ayaba ta cikin tsagar. An tokare shi da itace biyu ta waje.

Ta ce, "Mama Nadine, kin sani?"

Na ce, "Kin ɗaga hannu ko ba ki ɗaga ba?"

Ta ce ta ɗaga, amma ai ba ta sani ba, a gaya wa Royce, a sake zama. Na ce to bismilla. An riga an zuba harsashi, bulo ya kai gwiwa. Ki je ki gaya wa Marbely ta kwashe 'ya'yanta ta koma wurin aladenta. Sannan ki je ki gaya wa Royce Tillman, a gaban matarsa, cewa tsohuwar ƙauye ta rufe masa ido da labulen aro. Mijinki ko shekara bai yi a kan mumbarin cocinmu ba, 'yata, kuma kin san wanda ke biyan rabin albashinsa. Na ce ki yi tunani, ni ba ni da miji a wannan aikin.

Ta tsaya tana kuka, majina har baki. Mai son karɓar jagora ke nan. Na miƙa mata tawul ɗin na ce ta wanke fuska kafin addu'ar yamma.

Ba ta gaya wa kowa ba. Na san ba za ta faɗa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

An yi ruwa kaɗan da rana. Na samu kaina ina kallon tudun. Ba komai.

Juma'a, 13 ga Yuni

An miƙa makulli. Marbely ta zube ƙasa, Royce ya ɗago ta yana kuka shi ma, babban mutum da shi. Ya ce bai taɓa jin kusanci da Yesu irin na yau ba. Ban ce ƙarya yake ba. Yaran sun yi ta gudu suna shiga suna fita, kuma gaskiya gida ya yi kyau, su ma ai mutane ne, su ma suna bukata. Wannan ba ƙarya na fassara ba.

Eufemia ta zo sallama cikin shuɗiyar rigar dai. Na kama hannunta na ce baɗi in Ubangiji ya kai mu ita ce ta farko, na yi alkawari. Ta dube ni, ba fushi ba murmushi, ta ce, "Ni na ji, 'yar'uwa. Ki biya ki gaya wa bangon."

Kin ji irin bakin nata. Da ta taɓa zubar da hawaye ko sau ɗaya, da ta bar gidan yadda yake mutane su gani. Girman kai ne, ni ban sa ta aro labule ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ranar ba da shaida. Coci ya cika, na haska hotuna a majigi. Gidan Lencho kafin, gidan Lencho bayan, aka yi ta tafi. Sai na sa hoton da Charlene ta ɗauka a gidan Eufemia, tebur da farin ƙyalle, kaza, tsoho cikin farar riga. Na ce, "Ku dubi yadda ƙauyen nan ya ɗaga tun da muka fara zuwa. Da ba haka yake ba." Wata a baya ta ce Haleluya. Hoton ya yi kyau, zunubi ne a bar shi a waya.

Kendra tana layin gaba, kanta a ƙasa har aka tashi.

Dattawa sun zauna bayan sujada. Ni zan ci gaba. Royce ya ce in dai Nadine ce a gaba, baɗi gida biyu zai gina. Kendra da kanta ta ce ba ta shirya ba tukuna. Na rungume ta a bakin ƙofa na ce lokacinki na zuwa, 'yata.

Gida biyu. To ga shi nan, ashe ma alheri ne ya fito daga abin. Eufemia za ta samu nata baɗi.

Asabar, 9 ga Agusta

Zumuntar mata sun ba ni kyautar faranti mai rubutu, wai Uwar Marasa Gata. Na rataye shi a falo, daidai inda ruwa ya ɓata bango tun rasuwar mijina Harlan. Ya rufe tabon tsaf.

Talata, 14 ga Oktoba

Fasto Isidro ya bugo ina tsakiyar yanka albasa. Layin yana yankewa. Ruwa kwana da kwanaki ba tsayawa. Ranar Lahadi da safe Eufemia ta fita kai masara niƙa. Ta so ta jawo gadon tsakiyar ɗaki kafin ta fita, amma nan ne rufin ya fi zuba, tsohon ya yi mata alama ta bar shi inda yake bushe. Kafin ta dawo bangon ya rufta a kansa. Maƙwabta da hannu suka tone shi. Lencho na cikin masu tonon, shi ya ɗauko shi.

Na ce Ubangiji ya ba da haƙuri, za mu sa su a addu'a. Sai ya ce Doña Eufemia tana da roƙo ɗaya. Wai baturiyar nan mai kuka ta ɗauki hoton maigidanta ranar da muka ci abinci, kuma tsawon zamansu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba sai ran nan. Ko za a taimaka a aiko mata.

Ya ce ta kuma ce a gaya mini kada in damu da baɗi, ta koma gidan 'yarta a wani gari, a ba wani. Kuma a ba mu haƙuri, in mun zo ba ta da inda za ta sauke mu.

Na ƙarasa yanka albasar. Ban san abin da zan dafa da ita ba, na zuba a shara.

Laraba, 15 ga Oktoba

Bangon laka ne. Ko da an zaɓe ta ma, wa ya san ko tsohon zai yarda ya bar ɗakinsa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na sanar a lokacin roƙon addu'a cewa wani ɗan'uwa a ƙauyenmu ya tafi hutawa. Ban shiga bayani ba, ba wurinsa ba ne. A waje Royce ya ce, "Tsohon nan mai farar riga? Kai! To aƙalla ya tafi cikin rufin asiri, a gidansa mai kyau." Charlene ta ce har yanzu miyarta ba ta kamo ta matar ba.

Kendra ta tare ni a wurin ajiye motoci. Tambaya ɗaya ta yi, "Bangon ne?" Na ce ina sauri.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na je an wanke hoton, babba, na sa a firam. Da na duba shi a mota sai na ga labulen bai kai kusurwa ba. Ta gefen hagu, saman kafaɗar tsohon, ga bakin tsagar nan baƙi ƙirin, har da ɗan haske ta ciki. Coci guda sun kalli hoton nan a bango, girmansa ya fi ƙofa, suka yi tafi.

Na aika. Ban sa wasiƙa ba, me zan rubuta.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ranar Godiya, bikin da ake taruwa a ci abinci tare duk shekara. Bana a gidana aka taru, 'yan tafiyar da iyalansu, Fasto ya zo, Kendra ma ta zo da kek ɗin kabewa. Kujeruna ba za su isa ba, ban taɓa samun masu isa ba, don haka tun da safe na tsallaka gidan maƙwabciyata Opal kamar kowace shekara. Ta ba ni nata na ninkewa da babban ƙyallen teburinta, don nawa teburin akwai ƙunar tukunya a tsakiya. Ina tsallako ciyawa da kujera ɗaya a kowace hammata sai ƙafafuna suka tsaya. Opal ta leƙo ta taga ta ce, "Nadine, lafiya? Bayan ne?" Na ce bayan ne.

An ci, an sha. Royce ya ci ƙirjin talo-talo, ya ƙara, ya jingina ya dubi falon, ƙyallen, farantin da ke bango. Ya ce, "Harlan ya bar ki da kyau, Nadine. Ke kam ba abin da kika rasa."

Na ce, "Na aro ne."

Da ƙarfi ya fito, har Fasto ya ajiye cokali. Na ce kujerun na aro ne, ƙyallen ma na aro ne, na Opal ne. Royce ya yi dariya ya ce to Allah ya yi wa Opal albarka, miƙo mini dankalin nan. Aka ci gaba da hira. Kendra kaɗai ce ba ta koma kan abincinta ba, kallona take, ni kuwa na tashi na shiga kicin duba abin da ba ya kan wuta.

Gajiya ce, tun asuba nake tsaye. Sanarwar tafiyar baɗi tana cikin jakata tun makon jiya, ban manna ta a allon coci ba, mantuwa nake yi.

Ashe maganar da na ƙi fassarawa a ƙauyen ba ta da tsawo. Ko numfashi ɗaya ba ta cinye ba.

Gobe zan mayar wa Opal kujerunta.